An ga jini a kan jijiyar gani, an ƙara wa Baba maganin ɗigawa na biyu

Maman Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana a cikinmu, ina neman ƙarin haske. Mahaifina yana da gilakoma, cutar nan da ke lalata jijiyar gani a hankali, ya daɗe yana ɗiga maganin ido latanoprost kullum da dare. Matsin ruwan cikin idonsa ba ya wuce 15 ko 16, har muna murna abin ya lafa. To a komawarmu ta ƙarshe likita ya sa masa maganin buɗe ƙwayar ido, ya leƙa, ya ɗauki hoto, sai ya ce akwai ɗan jini a gefen kan jijiyar gani ta idon hagu. Nan take ya ƙara masa brimonidine safe da yamma. Shi kuwa Baba ba ya jin ciwo, idon fari tas, babu ja ko kaɗan. Shin wannan sabon maganin ne zai tsayar da jinin? Kuma tunda matsin idon daidai yake, me ya kawo ƙarin magani?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki 'yar uwa, ni ma haka aka yi min. An ga jinin, aka ƙara min dorzolamide, da na koma aka duba, babu shi babu alamarsa. Maganin yana aiki sosai. Ki dai tabbata Baba yana sawa a kan kari.

Dakta Hauwa:
Malam Sani, Allah ya ƙara sauƙi. Shawararka ta sawa a kan kari tana kan hanya, amma bari in ɗan yi gyara a ɗaya ɓangaren. Wannan jinin da kansa yake bajewa. Ko an ƙara magani ko ba a ƙara ba, cikin 'yan makonni zuwa wata biyu ko uku jiki ya shanye shi. Saboda haka ɓacewarsa ba shaida ba ce cewa maganin ya yi aiki, in kuma ya sake fitowa, wannan kaɗai ba ya nufin maganin ya gaza.

Maman Khadija, ga yadda abin yake. A can bayan ido akwai wani ɗan wuri, faɗinsa bai cika milimita 2 ba, inda zaruruwan jijiya sama da miliyan ɗaya suke taruwa su fice zuwa ƙwaƙwalwa. Shi muke kira kan jijiyar gani, kuma nan ne gilakoma ke yin ɓarnarta. Jinin da likitan Baba ya gani siririn layi ne ja, yana kwance a bakin wannan wuri, ya ɗan miƙe waje yana bin zaruruwan. Ya fi fitowa a gefen ƙasa ta wajen kunne, sai kuma gefen sama. Ba ya ciwo, ba ya sa ido ja, ba ya tare gani, kuma ko kin zuba wa idon Baba fitila ba za ki gan shi ba. Mu kanmu likitoci yana kuɓuce mana. A babban binciken nan na Amurka da ake kira OHTS, mai mutum 1,636, kashi 84 cikin 100 na irin wannan jini a hoto kaɗai aka gano shi, likitan da ya leƙa da idonsa bai gani ba. Wanda ya duba Baba ya kyauta da ya ɗauki hoto. Ku nemi a adana hoton, domin da shi za a riƙa gwadawa nan gaba.

Maman Khadija:
Na gode Dakta. To in da kansa yake tafiya, kuma ba ya tare gani, mene ne abin damuwa a cikinsa?

Dakta Hauwa:
Ruwa ba ya tsami banza. Ki ɗauke shi a matsayin sawun ɓarawo a tsakar gida: sawun ba ya ɗauke komai, iska ma za ta share shi, amma ya gaya miki an shigo. Yawanci jinin yana fitowa ne daidai kan iyakar inda zaruruwan jijiya suka riga suka fara sirancewa, kuma sau da yawa bayan watanni ko shekaru sai a tarar ɓarnar ta ƙara faɗi a wannan gefen.

Batun matsin ido kuwa, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Abin da ake kira daidai, wato 10 zuwa 21, lissafin jama'a ne gaba ɗaya. Kowace jijiya da nauyin da take iya ɗauka. Akwai wanda 24 ba ya yi masa komai, akwai wanda 15 ke cinye masa gani. Wannan jinin ma ya fi yawa a masu gilakomar da matsinsu bai taɓa hawa sosai ba. A binciken haɗin gwiwa da aka yi kan irin waɗannan marasa lafiya, wanda sakamakonsa ya fito a 1998, an sauke matsin da kashi 30 cikin 100, cutar ta ci gaba a kashi 12 na idanun da aka yi wa magani, da kashi 35 na waɗanda aka bari. Da aka koma aka duba su wa cutar ta fi gudu a cikinsu, sai aka ga mata, da masu ciwon ɓarin kai, da masu wannan jinin. Ina kyautata zaton likitan Baba ya ga cewa 15 ɗin nan ya yi wa jijiyarsa yawa, shi ya sa yake son ƙara saukewa.

Usman (ɗalibin likitanci):
Dakta, a gafarce ni, akwai abin da ya tsaya min a rai. Mun karanta binciken EMGT da aka yi a Suwidin, mutum 255, rabi aka yi musu leza aka haɗa musu da maganin ɗigawa betaxolol, rabi aka bar su ba magani. Da suka fitar da rahoto kan jinin a 2008, sun ce fiye da rabin marasa lafiyar an ga jinin a idonsu a wani lokaci, kuma maganin bai rage yawan fitowarsa ba ko kaɗan. Ga kuma wancan binciken na 1998 da kika ambata, a wani rahoto da suka fitar daga baya sun nuna waɗanda suka shigo da jinin tun farko ba su amfana da sauke matsi kamar sauran ba. To in sauke matsi bai hana jinin ba, kuma masu jinin ba su ne suka fi amfana ba, ba wahalar banza ake ba tsoho da kwalba ta biyu ba? Wataƙila matsalar ta hanyoyin jini ce, ba ta matsi ba.

Dakta Hauwa:
Madalla Usman, ka karanta da kyau, amma ka tsaya a rabin shafi. Shi wannan EMGT ɗin ne ya nuna cutar ta ci gaba a kashi 45 na waɗanda aka yi wa magani, da kashi 62 na waɗanda ba a yi wa ba, kuma duk maki ɗaya da aka sauke yana rage haɗarin da kimanin kashi 10. Ka ga ke nan jinin ya ci gaba da fitowa, gani kuma ya fi tsira. Mu gani muke karewa, ba kyan hoto ba.

Sannan akwai binciken Medeiros da abokan aikinsa na 2010, wanda ya bi idanun da aka ga jini a cikinsu. Waɗanda aka ƙara sauke wa matsi bayan ganin jinin, gudun lalacewar ganinsu ya ragu. Ba irin binciken da ake raba mutane da ƙuri'a ba ne, na yarda, amma ya yi daidai da abin da muke gani a ɗakin duba marasa lafiya.

Maganar ko daga hanyoyin jini ne ko daga matsi, tun da Bjerrum ya bayyana jinin a 1889, Drance ya sake tayar da zancen a Kanada a 1970, ake ta ja-in-ja. Wasu sun ce wata raga da ke kan jijiyar gani, wadda zaruruwan ke ratsawa, ita ce take lanƙwashewa ta tsinka ƙaramar jijiyar jini, wasu sun ce jinin ne ba ya isa wurin yadda ya kamata. Ko wanne ne gaskiya, abu guda da aka tabbatar muna iya juyawa ya yi amfani shi ne matsin.

Dakta Kabiru:
Ina tare da Dakta Hauwa a yawancin abin da ta faɗa, sai dai ni hannuna ba ya saurin kaiwa ga kwalba ta biyu. A wancan OHTS ɗin, gaskiya ne jinin ya ninka haɗari, amma kusan kashi 87 cikin 100 na idanun da aka ga jinin ba su kai ga gilakoma ba a tsawon lokacin da aka bi su a rahoton 2006. Na san waɗancan masu hawan matsi ne kawai, ba masu cutar da ta riga ta kama ba kamar Baba, amma ya isa ya nuna ba kowane jini ne ƙararrawar gobara ba.

Ni in na ga jinin, abin da nake fara yi shi ne in matso da ranar dawowa, in yawaita gwajin faɗin gani, wannan da ake danna maɓalli in an ga ɗigon haske, in kuma maimaita hoton OCT mai auna kaurin zaruruwan. In auna matsin a lokuta daban-daban na yini, don 15 na ƙarfe goma na safe ba lallai shi ne na asuba ba. Sai in dubi mutumin kansa: shekarunsa nawa, ɓarnar ta kai ina, ta kusa tsakiyar gani ko tana gefe, ɗaya idon yana lafiya? Mai ido ɗaya da ɓarna ta matso tsakiya, ba na jira, a ranar zan ƙara. Dattijon da cutar ke gefe kuma ta daɗe ba ta motsa ba, ina iya dakatawa in ga gwaji biyu ko uku.

Kuma ƙari ba dole sai ɗigawa ba. Binciken LiGHT na Birtaniya da ya fito a 2019, mutum 718, kusan kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka fara yi wa lezar SLT, mai taimaka wa ruwan ido fita, sun kai shekara uku ba su buƙaci ɗiga komai ba. Sai dai in matsin dama ƙasa yake kamar na Baba, abin da leza ke saukewa ba shi da yawa, wannan kam sai a faɗa.

Dakta Hauwa:
Dakta Kabiru, matsalata da jira ita ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Kafin gwajin faɗin gani ya tabbatar maka, zaruruwa da yawa sun riga sun mutu. Kuma ka san yadda tsofaffi ke fama da gwajin nan, yau ya yi kyau, gobe barci ya ɗauke shi a gaban na'ura.

Dakta Kabiru:
Haka ne, amma kwalba ta biyu ma ba kyauta take zuwa wa ido ba. Ga Malam Aminu nan, shi ke jin koke-koken da ba a kawo mana.

Aminu (mai harhaɗa magunguna):
Ai kuwa ina ji. Hajiya, tunda brimonidine aka ba Baba, ga abin da za ki sa wa ido. Yana busar da baki, yana sa kasala da gyangyaɗi, musamman ga tsofaffi, wani lokaci har jiri in an miƙe. Babbar matsalarsa ita ce ido ya ƙi shi: ƙaiƙayi, ja, kumburin fatar ido, hawaye. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ba lallai ya zo a makon farko ba, yana iya ɓullowa bayan watanni, sai a ɗauka ciwon ido ne na daban a je a sayo wani magani a ƙara. In kin ga haka, wurin likitansa za ku koma. Kuma a ɓoye kwalbar daga jikoki. Ba a ba yaron da bai kai shekara biyu ba sam, ƙaramin yaro in ya sha yana iya suma, numfashinsa ya yi ƙasa.

Dalilin da ya sa wasu likitoci ke son sa a irin wannan hali shi ne binciken LoGTS na 2011. An gwada shi da wani maganin ɗigawa, timolol, a masu gilakomar da matsinsu ba ya hawa. Duka biyun sun sauke matsi kusan daidai, amma cutar ta ci gaba a kashi 9 na masu brimonidine, da kashi 39 na masu timolol. Daga nan aka fara cewa ko yana kare jijiyar ne ta wata hanya daban. Amma da sauran rina a kaba. Kusan kashi 28 na masu brimonidine sun fice daga binciken saboda maganin ya dame su, alhali a ɓangaren timolol kashi 11 ne. In mutane da yawa haka suka fice daga gefe ɗaya, lissafin da ya rage sai an yi taka-tsantsan da shi. Wasu ma cewa suke ba brimonidine ne ya kare ba, timolol ɗin ne ya rage bugun zuciya da isar jini ga jijiyar. Har yau maganar ba ta mutu ba.

Usman (ɗalibin likitanci):
A Japan kuma abin ya fi damunsu, don binciken da aka yi a garin Tajimi ya nuna kashi 92 cikin 100 na masu nau'in gilakomar da ya fi yawa a can matsinsu bai wuce 21 ba. Daga can ne aka samu rahoton cewa jinin ya ragu bayan tiyatar buɗe wa ruwan ido hanya, wadda ke sauke matsi ƙasa sosai. Ko dai saukewar da aka yi a Suwidin ce ba ta kai ba?

Dakta Kabiru:
Mai yiwuwa ne. Amma ka yi hattara da duk rahoton da ya ce an ƙara magani sai jinin ya ragu, in waiwayen fayil aka yi babu rukunin gwadawa. Yaushe likita ke ƙara magani? Lokacin da jinin ke yawan fitowa. Abin da dama yake zuwa yana tafiya, in ka fara ƙirga daga lokacin da ya fi yawa, dole ka ga ragi a bayansa ko ruwa ka ɗiga.

Malam Sani:
Wato dai ni maganin da aka ƙara min ban san ko ya yi min amfani ba ke nan? Ga shi kullum sai ya bar min ɗaci a maƙogwaro.

Dakta Hauwa:
Za ka iya sani, Malam. Tambayi likitanka abu biyu: nawa matsin yake kafin a ƙara, nawa ya koma bayan an ƙara? Sannan gwajin faɗin ganinka na bana da na bara da na bara waccan, sun tsaya ko suna zamewa? Amsar tana nan. Kada dai ka ajiye kwalbar da kanka.

Sista Rabi:
Likitoci kun yi ta lissafi, bari in faɗi abin da nake gani a kan kujera. Duk wanda aka ce za a ƙara wa magani, ina miƙa masa kwalba in ce Baba ɗiga in gani. Nan ake ganin abin mamaki. Wani ya ɗaga kai, hannu na rawa, ya matse kwalba, ɗigon ya sauka a kunci, ya goge da hannun riga ya ce ya shiga. Wani ya dangwala bakin kwalbar a kan ƙwayar idon. Wani ya zuba huɗu a jere don ya tabbata, kwalbar wata guda ta ƙare a rabin wata, sauran kwanakin babu magani, sai ana gobe ganin likita a sayo sabuwa. Ranar awo matsi ya fito 15, kowa ya yi murna.

Ɗacin nan da Malam Sani ke ji ma daga nan ne. Maganin yana bin ɗan ramin hawaye da ke kusurwar ido ya gangara hanci da maƙogwaro. Ga yadda ake yi: a wanke hannu, a kwanta ko a jingina kai baya, a ja fatar ƙasan ido ta yi ɗan aljihu, ɗigo ɗaya tak, don idon ba ya ma iya riƙe ɗigo ɗayan gaba ɗaya. Sai a rufe ido a hankali ba ƙiftawa, a danna kusurwar da ke jikin hanci da yatsa minti ɗaya zuwa biyu. Ɗacin zai ragu, abin da ke shiga jiki ya kawo kasala shi ma zai ragu. In magani biyu suka haɗu a lokaci ɗaya, a bar aƙalla minti biyar a tsakani, in ba haka ba na biyun ya wanke na farkon.

Maman Khadija, ki zauna ki kalli Baba yana sawa, ko ki karɓi aikin in hannunsa na rawa.

Baba Audu:
Salamu alaikum. Ni tsoho ne, jikana ke rubuta min. Kwanaki na tashi na ga farin idona ya yi ja jawur a gefe ɗaya kamar an zuba jini. Shi ne wannan da kuke magana? Kuma ina shan asfirin saboda zuciya, wani ya ce min shi ke kawowa, in daina.

Dakta Kabiru:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. A'a, ba shi ba ne. Wanda ka gani a madubi ƙaramar jijiyar jini ce ta fashe a ƙarƙashin fatar da ta rufe farin ido. Yana da ban tsoro a gani, amma yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu yake washewa. Tari mai ƙarfi, murza ido ko hawan jini suna kawo shi, haka ma wasu magungunan ɗigawa irin su netarsudil. In yana yawan dawowa, ko da ciwo, ko gani ya ragu, a je a duba, a kuma auna hawan jini.

Asfirin kuwa, don Allah Baba kada ka daina sai da izinin likitan zuciyarka. Gaskiya ne magungunan tsinka jini suna cikin abubuwan da muke tambaya in mun ga jini a kan jijiyar gani, tare da ciwon suga, hawan jini, da rabuwar ruwan kaurin da ke cike cikin ido daga bangon baya, wanda ke faruwa da tsufa. Tambaya muke don mu san ko gilakomar ce ta kawo ko wani abu, ba don a tsayar da maganin zuciya ba.

Maman Khadija:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Saura tambaya ɗaya. Wata ƙawata ta ce akwai kwalba ɗaya da ta haɗa latanoprost da timolol, sau ɗaya a rana, ta fi sauƙi. In roƙi likita ya canza masa? Baba dai yana da asma, yana kuma shan maganin hawan jini da dare kafin ya kwanta.

Aminu (mai harhaɗa magunguna):
A'a Hajiya, ba da asma ba. Timolol yana iya shaƙe mai asma ko da ta ido aka sa shi, yana kuma rage bugun zuciya. Da alama shi ya sa likitan ya tsallake shi ya tafi brimonidine. Duk kwalbar haɗi da za a miƙo miki, karanta jikinta, da yawa daga cikinsu akwai timolol a ciki, irin su Cosopt da Combigan. In brimonidine ya ƙi Baba, akwai dorzolamide ko brinzolamide su kaɗai, akwai kuma waɗanda babu sinadarin adanawa a ciki in idon ya fara bushewa da raɗaɗi.

Dakta Hauwa:
Maganin hawan jinin nan na dare kuma, ki ambata wa likitan idon da likitan da ya rubuta shi. A wasu mutane jini yana sauka ƙasa sosai cikin barci, jijiyar gani ta rasa isasshen jini, kuma an danganta hakan da ci gaban gilakoma a masu matsin da ba ya hawa. Kada ku canza lokacin sha da kanku, su biyun za su daidaita. In Baba yana minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, wannan ma ki faɗa musu.